Mangwaro a Ƙasar Mutane

A gidanmu na Abakpa, can gefen garin Inugu, akwai wani akwatin ƙarfe shuɗi da ya girme ni. Ƙarƙashin gadon Baba yake kwana, kuma tun ina rarrafe na san ba abin wasa ba ne. A cikinsa akwai kayan sawa na kowa, da bargo, da 'yar tukunya, da garin kwaki a ƙulle cikin leda wanda Inna ke sauyawa in ya fara tsufa. Mu yara akwatin gudu muke ce masa. Baba ba ya son sunan, shi kayan tafiya yake cewa, sai dai har ya koma ga Allah bai taɓa gaya mana ranar tafiyar ba.

Baba ɗan kasuwar albasa ne. Ya sauko kudu yana saurayi, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, ya fara da tura baro a Inugu, daga baya ya samu rumfa a babbar kasuwar Anaca. Can yake kwana, ranar Alhamis da yamma ya dawo mana yana warin albasa, ya yi Juma'a tare da mu. A ɗakuna biyun nan na haya aka haife mu duka. Mun tashi muna faɗa da Ibanci, muna ciniki da buroka, muna gaida manya da Hausa. Amma ka tambayi Baba inda yake zaune, sai ya ce, "Muna nan dai tukuna." Wannan tukuna ta yi shekara arba'in a bakinsa.

"Baƙo raɓa ne," haka yake faɗa duk lokacin da Inna ta yi maganar a gyara rufi ko a shafe tsakar gida. Duk ribar da albasa ta kawo arewa take tafiya. Ya gina gida na bulo a ƙauyenmu na ƙasar Kano, har da zaure da rijiya, mu kuwa in ruwa ya sauko a Abakpa sai mu jera kwanuka muna tarar yoyo. Na taɓa zuwa gidan ina budurwa. Jemagu na tarar a ɗakin da aka ce nawa ne, wani ɗan'uwan Baba kuma ya ɗaure awakinsa a zauren.

Na sha yi masa tsiya a kan haka, amma ban ga laifinsa ba. Duk zaɓe sai ya ga motoci sun cika da mata da yara sun nufi arewa. In rigima ta tashi a wani gari da bai taɓa takawa ba, shi ne zai rufe rumfa ya kasa kunne ga rediyo. Irin wannan mutum ba za ka ce masa ya zuba siminti a inda yake tsaye ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk unguwar Hausawa haka take, a Abakpa ne, ko Anaca, ko Rumuokoro ta Fatakwal inda nake aure ina sayar da atamfa. Akwai masu kuɗi na gaske a cikinmu, amma rumfarsu ta langa-langa ce, kwatar ƙofar gidansu kuwa sai dai a tsallaka ta. Mutum ba ya gyara abin da yake ganin gobe zai bari.

Inna 'yar manoma ce, hannunta ko tsinke ta kafa sai ya yi ganye. Amma Baba yana da doka guda da ba ya sassautawa: "Kada ki sa komai a ƙasar mutane." Don haka yakuwarta da zogalenta da barkononta duk a tsofaffin bokitai suke, jere a gindin katanga. Ni da ita duka mun ɗauka wannan doka ƙanwar akwatin gudu ce, wato kada a dasa abin da za a tafi a bari. Ba mu san tana da wani gindi daban ba.

Mai gidan da muke haya wani tsoho ne da kowa ke ce wa Papa. Gidansa yana tsallaken titi. Ya yi ƙuruciyarsa a Kano yana aikin jirgin ƙasa, kuma Hausarsa irin ta da ce, wadda in ya gaishe ka sai ka ji kunyar taka. In sun haɗu da Baba sukan tsaya a bakin titi, lahiya lau, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙarfin jiki, har mai okada ya gaji da jira ya yi gaba. Shi ya sa ma ya ba Hausawa haya a lokacin da wasu ke ɗari-ɗari. Da tsufa ya kama shi, sai babban ɗansa ya dawo daga Legas ya karɓi harkar gidajen.

Bayan gidanmu kuma akwai kwazazzabo. Da muna yara ɗan rami ne da ruwan sama ke bi, muna tsallake shi da ƙafa ɗaya. Ƙasar Inugu ja ce mai laushi, ruwa kuma a can ba ya zuwa da sallama. Kowace damina sai ramin ya ci gaba kaɗan, har ya zama in ka tsaya a bakinsa kanka ya juya. Mu masu haya muna cewa aikin mai gida ne. Mai gida yana cewa aikin gwamnati ne. 'Yan siyasa kuwa sukan zo gab da zaɓe, su leƙa, su girgiza kai, a ɗauke su hoto, su tafi.

Baba ya rasu farkon wata damina, bayan gajeriyar jinya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shirin komawa gida, cikin jar ƙasar Inugu aka sa shi kafin la'asar, don ba a jinkirta wa mamaci. Na yi kuka ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushi a cikin kukan, haushin gidan jemagu da yoyon da muka tara.

Inna ta yi takabarta a ɗakin baya, tagarta na kallon kwazazzabon. Ni ina zuwa daga Fatakwal in kwana biyu in koma. A idonta banɗakin maƙwabtanmu ya rufta wata safiya, ya tafi da katangarsa gaba ɗaya. Tsakanin ramin da bangon ɗakinta bai fi ka shimfiɗa tabarmi kaɗan ba. Da ta fita takaba, ruwa bai ɗauke ba tukuna, ta kira ni ta ce:

"Ke, ina so in yi wa babanku sadaka mai gudana. Rijiya ta fi ƙarfina. Ki samo mini dashen mangwaro da kashu. Duk wanda ya sha inuwa ko ya ci 'ya'yan, ladan ya je masa. Saiwar kuma ta riƙe mana ƙasar nan."

Na ce, "Inna, dokar Baba fa?"

Ta ce, "Shi da ya ce kada a sa komai a ƙasar mutane, yanzu a ƙasar wa yake kwance?"

 Na je wajen masu sayar da dashe a bakin titi na saya, muka dasa da hannunmu a jere, tsakanin katanga da bakin ramin. Inna ta kewaye kowane da ƙirare don awaki. Rabon da in ga fuskarta ta sake haka tun kafin jinyar Baba.

Ba a yi mako ba ɗan Papa ya zo duba katangar da ta faɗi. Ina gidan ranar. Na ji shi ya zagaya baya, sai shiru, sai kuma ya dawo tsakar gida fuska a murtuke.

"Mama, who plant those things?" Yana tambayar wa ya dasa.

Inna ta fito tana murmushi, a zatonta godiya za a yi mata. Ta ce ita ce.

"For whose land?" Wato a filin wa.

Na karɓi maganar da Ibanci, don na ga abin ya fara zafi. Na ce sadaka ce, na ce ramin ne muke tsoro, na ce ai gidansu muke tsarewa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce ke an haife ki a nan amma ba ki san komai ba. A wajensu, in ji shi, ɗan haya yana iya shuka masara ko rogo ko ganye, abin da za a cire a shekara. Amma bishiya mai 'ya'ya, wadda za ta wuce mai dasa ta, mai ƙasa ne kaɗai ke sa ta. Wanda ya dasa irin wannan a filin wani, tamkar ya kafa tuta ne ya ce nan nawa ne. Ya ce wani kawunsa ya taɓa rasa fili a haka: ɗan haya ya dasa kwakwa, ya mutu, 'ya'yansa suka tsaya gaban dattawa suna nuna bishiyoyin ubansu. Ya ce babanmu ya san wannan sarai, shi ya sa aka zauna lafiya da shi. Yanzu ya kwanta dama, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba mun fara.

A ƙarshe ya ce a cire su, kuma ko an cire, Inna ta nemi wani wuri kafin Kirsimeti, don shi ya daina yarda.

Na fusata, ba zan yi ƙarya ba. Ni ba mai haɗiye magana ba ce, duk layinmu a Rumuokoro sun san haka. Amma ko a cikin fushin na san mutumin nan ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, irin tsoron da Baba ya ajiye a ƙarƙashin gado. Mu muna tsoron a kore mu, shi yana tsoron mu ƙi tashi.

Yayana, wanda ya gaji rumfar Baba a Anaca, ya bugo waya da yamma. Shi magana ɗaya gare shi. "Inna, ruwa ba ya tsami banza. Allah ne ya kawo dalili. Ga gida can Baba ya gina, ki koma ki huta."

Inna ta ce, "Wa na sani a can? Duk waɗanda na sani suna kushewa. A nan na haife ku, a nan aka rufe shi."

"To a cire itatuwan a ba da haƙuri."

"An ce ko an cire."

Ta ajiye wayar. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Mace ce da ta shigo ɗakin nan tana amarya, ta san kowace tsaga ta bangonsa, ta san wace maƙwabciya ce za ta ba ta gishiri ba tare da gori ba. Yanzu ga ta da furfura ana ce mata ta nemi wuri, kuma sanadin abin alheri ne ta yi niyya.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da dabino a ƙofar masallacinmu, abokin Baba ne, yakan shigo gaida Inna ya sha kunu. Da ya ji labarin bai yi mamaki ba, dariya ma ya yi.

"Hajiya, ai maganar icce ko'ina ɗaya ta," ya ce da irin Hausarsu. "Mu can, lokacin da nike yaro, icce na gomnati na. Ko cikin gonakka ya tsiro, in ka sare reshe ma'aikatan daji su kama ka. To mi za mu yi? Da mun ga gawo ya hito, ƙarami, sai mu tuge shi tun bai zama masifa ba. Gonaki suka koma kamar tafin hannu, iska na kwashe ƙasa. Daga baya aka sassauta, aka ce iccen gonakka naka na. Wallahi ba wanda ya kawo muna dashe. Barin su kawai muka yi suka girma. Yanzu ki je garinmu ki ga gawo."

Ya kurɓi kunu ya ƙara da cewa, "Mutum ba ya ƙin icce. Sai in bai san na wa ba na."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai, don ni ma na ɗan taka ƙasashe a harkar atamfa. Na je Kwatano, na je Lome, na taɓa kaiwa har Kumasi. A zangon Kumasi na zauna ƙarƙashin wata bishiya da aka ce kakan kakan mai gidan ne ya dasa, Bahaushe ɗan fataken goro. Ba su fi mu kuɗi ba, na rantse. Abin da suka fi mu shi ne ba wanda na ga yana da akwati ƙarƙashin gado. Nan Fatakwal kuwa, garin mai, inda arziki ke bi ta ƙarƙashin ƙafarmu a cikin bututu, akwai shekarun da in na shanya farin yadi sai in kwashe shi da baƙar toka ta masu dafa man sata, don kowa na ƙona rabonsa yau, bai yarda gobe za a ba shi ba. Masu ilimi suna da dogayen sunaye na wannan abu, ina jin su a rediyo. Ni dai abin da na gani da idona shi ne arzikin ƙasa bai isa ya sa a dasa bishiya ba. Sai mutum ya san abin da ya dasa ba za a ƙwace ba, kuma ba za a kore shi a kansa ba. Inda hukuma ta iya tsare wa mutane wannan, ko hamada ce sai ta yi kore.

Ni tunani na tsaya yi. Inna kuwa aiki ta gani a cikin maganar. Da dattijon ya fita ta ce:

"To ai ni ba bishiyar nake so ba. Lada nake so, da ƙasar ta tsaya. In matsalar a san na wane ne, su ɗauka mana, nasu ne."

"Kin ji ya ce wanda ya dasa shi ne mai ita."

"To su dasa."

Washegari da safe ta ɗauki fartanya ta tono dashen ɗaya bayan ɗaya, kowane da ƙasarsa, tana lallaɓa saiwar kamar mai cire wa jariri riga. Sai kuma aka rasa abin zubawa. Bokitai duk da yakuwa a ciki, baho kuma na wanka ne. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar jan ƙarfe a siminti. Ta fito da akwatin gudu.

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Miƙo mini ƙusa da dutse."

Ta kwashe kayan a kan tabarma. Har da wata 'yar rigata ta makarantar firamare, da hular Baba da asu ya cinye. Ta kifa akwatin ta huda gindinsa wuri-wuri don ruwa ya riƙa fita, ta zuba ƙasa, ta jera dashen. 

Ta aike ni kasuwa sayen goro, ta ce ba namu ba, nasu, hannunruwa mai ɓari da yawa. Wannan kam na sani. Goronmu na taunawa ne a wajensu, ba a sulhu da shi. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na ari baro, muka ɗora akwatin, na tura da kaina har ƙofar Papa. Mutane suna kallo, ban damu ba, ai 'yar mai baro ce ni.

Papa yana zaune a barandarsa da sanda tsakanin ƙafafu, ɗan yana tsaye a gefe. Inna ta durƙusa ta gaishe shi. Na so in hana ta, amma na tuna durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan tsoho ya isa a durƙusa masa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, ya yi mata ta'aziyya karo na ban san nawa ba. Ta miƙa goro, ya karɓa, ya yi addu'arsa da Ibanci, don sun ce goro ba ya jin wani harshe. Amma mu da muka yi ta jigilarsa tun kaka da kakanni mun san yana jin Hausa.

Inna ta ce, "Papa, na yi kuskure a kan rashin sani. Ga itatuwan na cire. Ban zo roƙon fili ba, ko taki ɗaya ba na so. Na kawo maka su ne kyauta. Ka dasa da hannunka a ƙasarka, gaban kowa, su zama naka da 'ya'yanka. Ni ka bar ni in riƙa ba su ruwa kawai. A addininmu wanda ya yi sanadin alheri yana da lada, shi nake nema wa maigidana."

Ɗan ya fara magana, Papa ya ɗaga masa hannu. Ba dashen yake kallo ba. Akwatin yake kallo. Ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa gefensa.

"Hajiya, wannan akwati na mene ne?"

Inna ta ce, "Na tafiya ne."

"Na sani," ya ce. "Ina da irinsa. Nawa kore ne."

 Sa'an nan ya ce lokacin da yake Sabon Garin Kano, yana sabon aure, ya dasa mangwaro a tsakar gidan da yake zaune. Yana ba shi ruwan wanke-wanke, matarsa na yi masa dariya. Shekarar da ya fara fure ita ce shekarar da aka yi rikicin da ya kori Ibo daga arewa, gab da yaƙin basasa, suka hau jirgi da akwati ɗaya. Bai sake komawa ba. Ya ce har yanzu wani lokaci yakan tambayi kansa ko mai daɗi ne ko mai tsami.

Mun shekara da shekaru muna gaisawa da tsohon nan, ba mu taɓa jin wannan ba. Na kalli ɗansa, na ga shi ma yau ya fara ji.

Papa ya juya gare shi ya yi masa magana da Ibanci, a hankali, ba faɗa. Ya ce tsoronka gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Amma ramin can ba ya tambayar wane ne mai ƙasa. Matar nan ta huda akwatinta, ka san abin da wannan ke nufi? Je ka kira mini dattawan layi su zo su gani da idonsu.

Da yamma aka taru a bayan gidanmu, Ibo da Hausawa, har da dattijon Nijar da tiren dabinonsa a ka. Ɗan ne ya haƙa ramuka, don ƙarfin tsohon bai kai ba. Amma kowane dashe Papa ne ya karɓa daga cikin akwatin ya sa a rami, ya tura ƙasa da tafin hannunsa, ya faɗa da ƙarfi cewa shi ne ya dasa, a ƙasar ubansa. Inna tana biye da shi da buta tana zuba ruwa, leɓenta na motsi. Na san sunan wa take ambata. Da aka gama, ɗan ya zo ya tsaya kusa da ni yana karkaɗe hannu, ya ce, "Tell Mama make she stay," wato in gaya wa Inna ta yi zamanta. Na ce masa ai tana jin buroka, ya gaya mata da kansa. Ya je ya gaya mata.

Kada wani ya ɗauka mangwaro kaɗai ya tsai da kwazazzabo, ba haka ba ne. Amma daga ranar aka samu hanya. Ɗan Papa, tunda itatuwan nasa ne, shi ya kawo gora aka kafa a gangaren, ya sa aka karkata ruwan rufi. Maƙwabta da suka ga ba a kori kowa ba suka fara zuwa wajen Inna karɓar dashe, su kai wa masu gidajensu su dasa. Rani a Inugu ruwa tsada yake, sai an jira tanka. Inna ta ajiye baho inda ake alwala, duk wanda ya yi a gidan a ciki yake yi, da shi take shayar da su. Ramin yana nan, bai cike ba, a wasu wuraren ma yana ci. Amma ta bayanmu ya tsaya inda yake, bangon ɗakinta kuma yana tsaye.

Papa bai sha mangwaron nan ba shi ma. Ya rasu lokacin da tsayin itatuwan ya kai ƙugu. Inna ta je gaisuwa ta zauna cikin matansu yini guda. Shekarar da suka fara 'ya'ya ta tsinko na farko, ba ta ko ɗanɗana ba, ta kai wa ɗan a kwano, ta ce ga amfanin gonarku. Ya ɗauki guda ya kai kan kabarin ubansa, sauran ya dawo mata da su. Masu daɗi ne, ni shaida ce.

Zaɓen da ya biyo baya an yi ta jita-jita kamar kullum. A Rumuokoro na ga manyan motoci suna lodi, mata da katifu da tukwane. Ni ban tafi ba, na zo Abakpa in zauna da Inna. Ina nan yayana ya bugo daga Anaca, ya ce ya kama mata kujera a mota, ta je gida ko na wata ɗaya ne har ƙura ta lafa.

Tana zaune a bayan gida cikin inuwa tana tsinkar zogale. Akwatin yana gindin katanga, shuɗin ya koɗe, tsatsa ta ci gefensa, cike da sabbin dashe da ta tsirar daga ƙwallayen bara. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma mangwaro na fure, wa zai ba su ruwa?"

Ya ce, "Inna, ki bar maganar mangwaro, ki haɗa kaya."

Ta kalli akwatin, ta kalle ni, ta ce, "A me zan zuba? Akwatin ya huje."